Lambatunmu da Tsawon Ran Hajiya Nabawiyya

Jiya da safe na fita sayo wake da burodi, na dawo da burodin kawai. Waken yana cikin ruwan lambatun da ya fashe a lungunmu tun kafin azumi, shi da takalmina na hagu. Ɗaya daga cikin duwatsun da muka jera muna takawa ne ya gaji da yi wa hukuma aiki kyauta, ya juye da ni.

A haka na shiga shagon shayin Shahata. Talabijin na nuna wani Mai Girma yana buɗe taron masana, wai kimiyya ta kusa gano allurar da za ta hana ɗan Adam mutuwa. Har an kafa kwamiti. Ni dai na yaba masa. Mutumin da ke hango shekara dubu masu zuwa, rashin ladabi ne a dame shi da bututun da ya fashe bana.

"Abu Samah, in allurar ta iso za ka miƙa hannu?" Shahata ya tambaye ni.

"In kyauta ce, har layi zan bi. Na saba."

Usta Girgis wanzami ya dire kofinsa. "Ku yi ta dariya. Ranar da mutane suka daina mutuwa, lungun nan ya shiga uku."

Gaskiya ya faɗa. Mu nan aiki ba ya zuwa sai da makoki. In wanda ke da dangi a sama, cikin manyan gwamnati, ya rasu, akan kafa rumfar ta'aziyya a tsakiyar lungu, a jera kujeru, domin wani babba zai zo gaisuwa. Kafin a gama yi wa mamaci wanka motocin aiki sun iso. Shara ta ɓace, ramuka sun cike, fitilu sun tuna aikinsu. Fitilar da ke kan kwana albarkacin surukin wani darakta muka same ta. Kwaltar bakin titi kuwa albarkacin kawun matar wani ce, Allah ya jiƙansa, bai taɓa amfanar kowa ba sai ranar.

Yanzu mai dangi a sama mutum ɗaya ta rage mana, Hajiya Nabawiyya. Ta haura casa'in, ɗanta Midhat kuma shi ke riƙe wa wani Mai Girma jaka a Alƙahira. Babu wanda ya taɓa furta komai, mu masu tarbiyya ne. Sai dai in ta yi tari, duk lungu kan yi tsit a saurara. Da ta yi zazzaɓi a watan jiya, Usta Girgis har ya kai kwat ɗinsa guga.

"Kuma kun san allurar nan manya za a fara yi wa, su da iyayensu," in ji Usta Girgis. "In suka yi wa Hajiya, jikokinmu ma a kan duwatsu za su yi aure."

Aka yanke cewa ni zan je in ji ra'ayinta kan allurar, tunda ƙawar mahaifiyata ce. Na same ta a bakin taga tana tsinkar lalo.

"Ɗan Zakiyya, wari ya riga ka sallama. Zauna daga can."

"Hajiya, ya jiki?"

"Lafiya ƙalau. Ka yi haƙuri."

Na rasa inda zan sa idona. Na shiga kame-kame kan masana da allura, na ce ko Midhat ya yi mata zancen.

"Ya yi. Wai in koma wurinsa, likitoci su yi ta tattalina kamar tsohuwar mota. Na ce in zauna har abada in yi hira da wa? Uban Midhat ya tafi, uwarka ta tafi, duk wanda ya san ni da baƙin gashi ya tafi. Sai ku, da kuke leƙen tagata kuna ƙirga tarina."

"Haba Hajiya, wallahi mu..."

"Kar ka rantse, ɗan nan. Ni ma hanci gare ni." Ta ture kwandon gefe. "Na sa Midhat ya yi mini alkawari a gaban limami. Ba a Alƙahira za a yi zaman makokina ba, kuma ba a ƙofar gidan nan ba. In a nan aka kafa rumfa, iya ƙofata za su gyara su tafi, na san halinsu. A can ƙarshen lungu za a kafa ta, ƙofar gidanka, yadda sai Mai Girma ya taka lungun nan kaf da ƙafarsa."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban ji ba tun ina yaro. Matar da ta yi mini wankan jarirai ta zauna ta tsara mana gyaran lambatu da gawarta, mu kuma muna ta guga. Na miƙe na ce, "Allah ya ƙara miki tsawon rai, Hajiya."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ka tsai da magana ɗaya. Tsawon rai ko lambatu?"

Na yi mata sallama na fito. A shagon shayi na gaya musu ba ta son allura, Usta Girgis ya ce madalla, sannan ya ga fuskata ya koma kan kofinsa.

Don haka ina roƙon kwamiti kada ya gaggauta saboda mu, mun san aiki ya yi masa yawa. Ni dai da yamma na shiga kasuwa na sayi takalmin roba mai kaiwa gwiwa. Mai shagon ya nuna mini na araha, na ce a'a, ya ba ni wanda zai daɗe.