Ranar da Na Mai da Keken Surukina Ango

Ko na tsufa na fara manta sunayen jikokina, ba zan manta da ranar da mutumin inshora ya zo duba keken surukina ba.

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki ce. Ina koyarwa a wata firamare a Unguwar Sanusi, ban daɗe da aure ba, kuma kamar kowa a lokacin, bakina cike yake da maganar 'yanci da haƙƙi. Surukina, Baba Alhaji, tsohon ma'aikacin reluwe ne, yana da wani baƙin keke da ya saya tun kafin a haifi matata. Sirdinsa na fata ne, ya lotsa daidai zaman Baba, ƙararrawarsa kuwa duk layin an san muryarta. Ko 'ya'yansa ba ya ba su aro. Ni kaɗai ya taɓa ba, ranar da zan je Rido gaisuwar rasuwa (har yau ban san me ya gani a tare da ni ba).

A hanyar dawowa wata mota ta buge ni. Ni dai na faɗa cikin ciyawa, ko ƙwarzane ban yi ba, amma keke ya sha wuya: tayar gaba ta nannaɗe, kai ya karkace, fitila ta fashe. Mai motar, wani Mista Bitrus da ke aiki can wajen matatar mai, mutumin kirki ne. Ya ba ni haƙuri, ya ce motarsa na da cikakkiyar inshora, za a turo mutum ya ga ɓarnar a biya, kuma tsohon keke irin wannan ba ƙaramar daraja gare shi ba.

Na ɓoye keken a gidana, na je na durƙusa gaban Baba na gaya masa. Ya ce, "Allah ya tsare gaba." Don in wanke kaina sai na cika baki, na ce yanzu fa ba zamanin soja ba ne, kamfani zai biya komai da komai, ya bar maganar a hannuna.

Nan wauta ta shigo. Da aka aiko cewa mutumin inshora zai zo, na dubi keken sai ya ba ni kunya. A gidanmu an koya mana in baƙo zai zo a yi shara, a shimfiɗa tabarma mai kyau, ba a nuna masa tsumma. Yaya babban ma'aikaci zai taso daga ofis da kwat ɗinsa ya tarar da wannan tarkace? Ai sai ya raina mu, ya raina keken. Na kai wa mai gyara a bakin kasuwa, na ce a mai da shi ango. Aka sa sabuwar taya, aka cire sirdin fata aka ɗora na roba mai sheƙi, aka canza fitila da ƙararrawa, aka fesa masa shuɗin fenti. Tsofaffin kayan kuwa na ce a ba 'yan gwangwan. Matata ta tambaye ni ko na tabbata haka ake yi, na ce mata ta bar harkar ofis ga masu ita (wai ni ke nan).

Ranar na kai keken ƙofar gidan Baba, na lulluɓe shi da zanen gado. Maƙwabta sun taru, domin na riga na baza labari. Mutumin ya iso tare da Mista Bitrus, kyamara rataye a wuyansa. Bayan an gaisa, na yaye zanen kamar sabon gwamna yana buɗe asibiti.

Mutumin inshora ya zagaya keken, ya danna taya, ya dube ni.

"Malam, ina wanda mota ta buge?"

"Shi ne wannan, ranka ya daɗe."

"Wannan ai ya fi motar lafiya. Me zan ɗauka a hoto?"

Ya yi mini bayani cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, cewa su ɓarna suke biya, ɓarnar kuma ni na share ta da hannuna. Darajar keken ma a tsofaffin kayan nan take, domin yanzu ba a samunsu. Ya tambayi inda suke, na ce 'yan gwangwan. Mista Bitrus ya juya mana baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Duk wannan da sauƙi. Baba ya taso a hankali, ya shafa sirdin robar, ya kaɗa ƙararrawar. Ta yi wani siririn kuka irin na keken yara.

"Ya yi kyau," in ji shi. "Ka tafi da shi, ya fi dacewa da kai."

Daga ranar nan, da ƙafa yake zuwa masallaci. Na karaɗe wuraren 'yan gwangwan ina neman sirdin nan, ban same shi ba. Baba bai sake tayar da maganar ba har ya rasu, ni kuwa duk ranar da na hango shi a hanya sai in sauka daga shuɗin keken in tura.

Na dai koyi cewa ba kowane baƙo ake yi wa shara ba. Yanzu ko asibiti zan je, ba na wanke fuska sai likita ya gan ni.