Yadda Za Ka Ci Gaba da Caca da Fuskar Surukarka

Ɗan'uwa, matso kusa. In sabuwar dokar gwamnati ta rufe maka ƙofar cacar waya, kana zaune kana shafa allo babu abin dannawa, to kukanka ya ƙare. Ni tela ne, shekara goma sha ɗaya a kan keke. Uku daga ciki na yi su ƙafa na taka keke, babban yatsa na buga caca. Hanyar da zan koya maka da kaina na gwada ta, kuma ina ba ka tabbaci ɗari bisa ɗari: ka bi ta daki-daki, za ka ci.

Mataki na 1: San dokar, don ka san inda za ka zagaye ta

Da, kowa ya ga dama ya buɗe asusu goma da sunan da ya yi masa daɗi. Yanzu sai da katin shaida, sai waya ta kalli fuskarka ta yarda kai ne. An yanka maka iyakar abin da za ka zuba a mako. In ka ci, kuɗin ba ya sauka ko'ina sai a bankin mai fuskar. Sannan ga wani jan maɓalli da aka tilasta wa kowane kamfani ya sa: ka danna shi, an rufe ka shekara guda a duk kamfanonin gaba ɗaya.

Ranar da dokar ta fara aiki layin shagunanmu ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Dogo mai aski, maƙwabcin shagona, ya ce gwamnatin da ta kasa gano ramin da ke kan titinmu ita ce ta gano hanyar aljihunsa. Ka yi irin wannan ƙorafi da ƙarfi. Yana sa a ɗauke ka mai bin al'amuran ƙasa.

Mataki na 2: Danna jan maɓallin a gaban matarka

Wannan ba sai ka shirya ba, da kansa zai zo. Nawa ya zo ranar da maiɗakina ta kawo mini abincin rana ta tarar da wurin injin aikin wuya fayau, sai zanen ƙafafunsa huɗu a kan siminti. Na ce yana wajen gyara. Ta tambayi wane mai gyara. Na kama sunan wani mutum da ya tashi daga layin tun bara.

Ba ta ɗaga murya ba. Da na koma gida na same ta tana ninke kayan yaranmu uku tana jerawa a jaka, ƙananan a sama. Nan na durƙusa, na faɗi gaskiya cewa sayar da injin na yi na zuba a caca, na ciro waya na danna jan maɓallin tana kallo. Na yi kuka, kuma wallahi kukan gaske ne. Ta zazzage jakar.

Tubarka za ta yi kwana tara. In ta wuce haka, rufe wannan takarda, ba kai nake nema ba.

Mataki na 3: Nemo fuska

A rana ta goma yatsanka zai fara ƙaiƙayi. Kana buƙatar fuska mai kati, wadda ba ta karanta ƙananan rubutu, wadda kuma ta yarda da kai. Ta Dogo ba za ta yi ba, shi ma ya danna nasa maɓallin a gaban babansa. Ƙanenka yana amfani da tasa. Ta matarka kada ma ka soma.

Saura surukarka.

Tawa, Mama, unguwarzoma ce da ta yi ritaya. Rabin mutanen unguwarmu a hannunta suka fara numfashi, har da Dogo da tsawonsa. Ɗanta ya aiko mata babbar waya, ita kuwa ba ta san komai a ciki ba sai amsa kira, tabarau ɗinta kuma ya karye tun bara ta ɗaure shi da zare. Duk abin da ya shige mata duhu a wayar, ni take aiko wa. Amana irin wannan, in ka bar ta a ajiye, lalacewa take yi.

Mataki na 4: Sa ta ƙifta ido

Ka je da yamma da ledar lemo. Ka cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ka durƙusa, ka ja gaisuwar har ta gaji. Sannan ka sunkuyar da kai ka ce hukuma ce ta sa a sabunta bayanan 'yan fansho, kai kuma ba ka so ta sha wahalar layi.

Mama ta ce in dakata. Ta shiga ɗaki ta sako mayafinta na fita unguwa, ta gyara zama a kan kujera, don ba ta so gwamnati ta gan ta a yamutse. Waya ta ce a juya hagu, ta juya. Dama, ta juya. A ƙifta ido, ta ƙifta har sau uku don a tabbatar. Da aka ce a buɗe baki sai ta dube ni.

"Yanzu har haƙora suke ƙirgawa kafin su biya mutum?"

Na ce ai zamani ne, Mama. Na kwashe lambar da ta shigo wayarta, na kuma gargaɗe ta cewa duk saƙon da ta ga ya shigo da hoton ƙwallo na 'yan damfara ne, kada ta ba kowa ya karanta mata. Ta yi ta sa mini albarka har bakin ƙofa, tana cewa 'yarta ta dace da miji. A daidai nan za ka ji wani abu ya tokare maka ƙirji. Haɗiye shi. Lemo ne.

Mataki na 5: Buga, kana fuskar salihai

Yanzu kai tsohuwa ce 'yar shekara sittin da tara mai sabon asusu fes. Buga! Buga ƙungiyoyin ƙasashen da ba za ka iya nunawa a taswira ba. Buga wa zai fara cin ƙwallo, wa za a ba kati, bugun kusurwa nawa za a yi kafin hutun rabin lokaci. Iyakar mako za ta tare ka tun ranar Laraba, sai ka zagi gwamnati a zuci ka jira Litinin.

Aiki zai ɗan taɓu. Na taɓa ɗinka wa wani malamin makaranta aljihu a bayan riga, na ce masa sabon yayi ne. Wata kuma na yi wa rigarta hannu ɗaya dogo ɗaya gajere, na ce ta duba kafaɗarta.

A gida kuwa ka zama abin misali. Maiɗakina har addu'a ta riƙa yi wa wanda ya ƙirƙiro jan maɓalli. Ta gaya wa Mama na shiryu, Mama ta aiko mini da turare.

Mataki na 6: Ka ci

Nawa ya faɗo wata Asabar bayan la'asar. Wasa goma sha huɗu na jera a takarda ɗaya tun farkon mako, sha uku sun shiga, na ƙarshe ana kunnen doki har aka shiga ƙarin lokaci. Sai wani ɗan siririn mutum da ban taɓa jin sunansa ba ya sa kai, ƙwallo ta faɗa raga. Allura ta huda mini yatsa ban ji ba. Na rungumi gunkin da nake rataya riguna muka zaga shago sau biyu. Dogo ya baro wani bawan Allah da rabin kai a aske, ya shigo ya ɗaga ni sama. Kafin ya sauke ni na riga na sayi injin aikin wuya biyu a raina, na fasa bango na haɗe shagon kusa, na ɗauki ma'aikata huɗu, na kori ɗaya saboda rashin kunya.

Dogo ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya tambaye ni bankin wa kuɗin zai shiga.

Ka zauna. Ka sha ruwa.

Mataki na 7: Kada ka manta hukuma na da waya

Ni na manta. Ashe dokar ta kafa wani ofis da aikinsa kawai shi ne kiran waɗanda bugunsu ya fara ba da tsoro. Ranar Litinin da hantsi, ina can ina tsara ƙaryar da zan ce kuɗin kwangilar ɗinki ne ya ɓata hanya, wata jami'a mai sanyin murya ta kira Mama.

Daga baya na ji yadda aka yi. Yarinyar ta gaishe ta da ladabi, ta taya ta murna, sannan ta tambaye ta a hankali ko kaɗaici ne ke damunta, ko 'ya'ya ba sa zuwa. Ta ce ba abin kunya ba ne, akwai tsofaffi da yawa da suka faɗa, kuma akwai taimako kyauta. Mama ta sa ta maimaita tun daga farko. Ta sa ta karanto mata wasannin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta tambayi ranar da aka buɗe asusun. Da jami'ar ta ce ko wani ne ya yi amfani da katinta, don wannan laifi ne na ɗauri, Mama ta ce za ta zo da amsa da ƙafarta ranar Alhamis.

Mataki na 8: In ta iso, kashe keke

Da azahar ta shigo, maiɗakina na biye da ita. Ta zauna a bencin masu jiran ɗinki, ta ture ƙyallaye gefe, ta ce in ba ta ruwa. Ta sha, ta ajiye kofin.

"Ɗan nan, an ce ni gwanar ƙwallo ce. Zo ka ba ni labarin yadda na yi."

Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Na ce ku yi haƙuri, Mama, sharrin shaiɗan ne. Ta ce shaiɗan bai kawo mata lemo ba.

"Shekara talatin da biyar ina karɓar 'ya'yan mutane da hannun nan. Ba a taɓa kirana a yi mini nasiha ba, sai da na ara maka fuskata. 'Yar cikina ma ta girmi yarinyar da ta yi mini."

Maiɗakina tambaya ɗaya ta yi, ko kukan da na yi ranar nan shi ma na wasa ne. Na rantse na gaske ne. Ta ce da ma na ƙarya ne da ya fi mata sauƙi, don da ta san da wa take zaune. A ranar ta kwashe yara ta koma gidan Mama. A wannan karon jakar ba ta zazzagu ba.

Kwana ukun da suka rage za ka yi su kunnenka na kan titi. Duk motar da ta rage gudu taka ce.

Mataki na 9: Riƙe mata jaka zuwa ofis

Ranar Alhamis ta sa ni gaba. Jami'ar ta fito da takardar ƙara ta ajiye biro a kai. Mama ta dubi takardar, ta dube ni, ta daɗe tana dubana har na fara tunanin wa zai ciyar da yarana. Sannan ta ture takardar. Ta ce ba ƙara ta kawo ba, ta zo ne a rufe fuskarta, a kuma duba ko jan maɓallin nan yana da babban wa.

Yana da shi. Na sa hannu na har abada. Aka kuma rubuta ni a zaman da ake yi duk Talata, a jera kujeru a zagaye kowa ya faɗi abin da ya sayar. Zuwana na farko na tarar da Dogo, da mai kemis ɗin layinmu, da malamin nan mai aljihu a baya.

Mataki na 10: Ba da shawara kan kuɗin, a ƙi ta

A takarda kuɗin na Mama ne, bayan gwamnati ta yanki nata. Na lallaɓa na kawo maganar inji, na kawo ta makarantar yara. Ta ce ko kwandala ba za ta shiga cikin jikokinta ba. Ta yi tambaya wajen masu ilimi aka ce ta zuba shi inda jama'a za su amfana, kada kuma ta sa ran lada.

Layin shagunanmu shekara da shekaru ba shi da banɗaki. Mama ta gina mai ƙofa huɗu a bayan shagona, biyu na maza biyu na mata, har da tankin ruwa. Ni na yi dakon bulo. Ni ke riƙe da makulli, ni ke wankewa kowace safiya kafin in buɗe shago. Ba a sa wa wurin suna ba, amma yau duk wanda cikinsa ya murɗa a layin nan cewa yake bari ya je wajen Tela.

Maiɗakina ta dawo bayan mako bakwai, ranar da aka kafa ƙofofin. Ta zagaya ta duba aikin, ta ce na mata ya fi kyau, ta miƙo hannu na ba ta babbar wayata. Yanzu 'yar ƙarama nake riƙewa mai madannai, ba ta san ƙwallo ba. Mama kuma ta yi sabon tabarau, duk saƙon da ya shigo da kanta take karantawa, da ƙarfi, har da na kamfanin waya.

Sanarwa

Duk abin da ya same ka sakamakon bin waɗannan matakai, babu hannuna babu ƙafata. Ban san ka ba, ban san surukarka ba, kuma ba kowace ce ke ture takarda ba. In matarka ta tafi kada ka zo mini, in hukuma ta kira ka kada ka ambaci sunana, in ka gan ni ranar Talata ka zauna nesa da ni. In dai matsuwa ce ta kawo ka, makulli na rataye a jikin kekena. Ka zo da butarka, ka kuma kora ruwa da kyau, ni ke wankewa.