Walimar Jakadan Sin

Duk ƙasar Wurno, kai har ka dangana da Rabah ka karkato Goronyo, babu wanda ya san ƙasar Sin kamar Alhaji Maccido Lawwali. Ba ni na faɗa ba. Shi da kansa ya tabbatar, kuma ya sha maimaitawa a wurin ɗaurin aure da suna, har da zaman makoki.

Asalin ilimin nan mai zurfi, shekarun baya aka tura wata tawaga can baje kolin injinan ban ruwa. Wani babba a cikinta yana neman mai riƙe masa jaka, Allah ya sa rabon Alhaji ne. Waɗanda suka yi tafiyar tare suna cewa tun ranar farko cikinsa ya ɓaci, ya kulle kansa a ɗakin otal da garin kwaki da ƙuli-ƙuli, bai sake ganin titi ba sai ranar komawa filin jirgi. Amma mahassada ba su ƙarewa. Mu dai abin da muka gani da idonmu, ya dawo da mafici mai zanen maciji mai ƙafafu, da silifas ɗin otal, da kalma guda: nihaw. Da ita yake gaisuwa, da ita yake taya buhun albasa, da ita yake korar awaki daga ƙofar gida. Dattawa suka laƙaba masa Jakadan Sin. 'Yan kabu-kabu, da ba su da lokacin dogon suna, suka tsaya a Alhaji Nihaw. Duka biyun yana amsawa da ɗaga mafici.

Bana sai kujerar shugaban ƙungiyar manoman shinkafa da albasa ta yankin ta zama babu kowa. Kujera ce mai maiƙo, domin ta hannun shugaba taki da iri suke bi. Mutum biyu suka fito. Akwai Malam Attahiru na Rabah, wani mai ƙarancin magana wanda duk alkawarinsa bai wuce yashe magudanar ruwa ba. Sai kuma Jakada, wanda ya ga magudanar ruwa ta yi masa ƙanƙanta.

"Ni ba ni zancen laka," in ji shi a zaurensa. "Albasar Wurno sai ta shiga jirgi. Mutanen Sin sun san ni, ni ma na san su. Ranar zaɓe duk wakilai gidana za su ci abincin rana, kuma abincin Sin za su ci, don su ɗanɗani inda za ni kai su."

Matsala ɗaya ce, ƙarama: babu wanda ya taɓa ganin abincin Sin a gidan, har da mai gidan. Don haka ya buga wa ƙanin matarsa waya, Bilyaminu, mai fataucin kayan wayar salula, wanda a lokacin yana can ƙasar yana saro kaya. Ya umarce shi da ya zo da littattafan girki don a tantance.

Ranar tantancewa an shimfiɗa darduma sabuwa. Jakada ya sa tabarau, ya kira maƙwabta biyu su zama shaidu. Uwargida Hajiya Larai, wadda ita za ta yi girkin, an ba ta izinin saurare daga bayan labule.

Bilyaminu ya fara miƙa wani ɗan ƙaramin littafi mai laushin bango. Da Turanci aka rubuta shi. Ya ce na girkin gida ne, akwai soyayyar shinkafa da ƙwai, akwai kaza da tattasai, kusan duk kayan haɗin ana samunsu a kasuwar Wurno.

Jakada ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera. "Abincin Sin da Turanci? Wanga ai na 'yan makaranta na. In kowa na iya karanta shi, to ina sirrin?"

Na biyu na Musulmin ƙasar ne, da tambarin halal a goshinsa, cike da hotunan naman rago da taliya. Daga bayan labule aka ji Hajiya ta yi gyaran murya mai nuna yarda. Jakada ya juya shafi biyu, ya ture.

"Rago da taliya. Mi ab baƙo ciki? Ko Goronyo ana cin wanga ranar sallah. In kawo mutane tun daga Boyekai in ba su abin da sunka baro gida?"

Sai na uku ya fito daga jaka. Ja ne wur, bangonsa kamar ƙyauren ɗaki, rubutunsa na ruwan zinariya, babu harafin boko ko ɗaya. A bango ga wani dattijo mai farin gemu yana murmushi baki rufe, da kwano a hannu. Jakada ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya lumshe ido.

Bilyaminu mutum ne mai gaskiya. Ya ce, "Yaya Alhaji, wanga ni ban san abin da ac ciki ba. Na dai nuna ma mai shagon hotonka cikin waya, nic ce ma wanga bawan Allah za a dahwa. Tad dubi hoton, tad dube shi da kyau, tat tahi can ciki tad ɗauko shi."

Jakada ya waiwayi shaidu ɗaya bayan ɗaya. "Kun ji ko? Daga hoto kawai. Mutanen ga sun san daraja in sun gane ta." Ya ɗora yatsa a kan rubutun zinariya, ya bi shi daga dama zuwa hagu, ya sake biyowa daga sama zuwa ƙasa don kada ya bar wata ƙofa. "An rubuta, Girkin Fadar Sarakuna. Wanga tsoho kuwa shi as sarkin masu dahuwa na ƙasar baki ɗai. Mun gaisa da shi."

Shaidu suka ce ma sha Allah.

Allah ya taimaka, littafin yana da hotuna daki-daki, kuma lambobinsa irin namu ne. Da Hajiya Larai ta buɗe shi a madafa sai ta ga kofin shinkafa ɗaya, kusa da shi kofunan ruwa goma. Ta juya shafi, ta ga haka. Ta sake juyawa. Wani an yanka masa citta, wani an barbaɗa ganyen albasa, wani an saka kabewa, amma dai ko'ina shinkafa ce tana iyo.

"Alhaji," ta ce, "wanga hwa kunu na."

Jakada ya yi dariyar tausayi. "Larai, Larai. Ke da ba ki taɓa wuce Sakkwato ba. Ido bai ganin abincin manya sai an hore shi. Abin da kika gani kunu, can sai ministoci."

"To a yanka rago ko guda, a aje gehe."

"Kin ga rago cikin littahin?"

"Ban gani ba."

"To kak ki ƙara, kak ki rage. Ko gishiri kak ki sa sai kin ga hotonai."

Shekara talatin ke nan Hajiya Larai tana aure da ilimin Alhaji, ta kuma san cewa hanya mafi sauri ta gama gardama da shi ita ce a yi masa biyayya sak. Ta ce to. Ta duba da kyau, ba ta ga hoton gishiri ba.

Saura tsinkayen ci. Jakada ya ce babu cokalin da zai shiga walimarsa, domin cokali alamar ci baya ce. Aka aika wurin mai tsire aka sayo tsinke dami guda, aka datse kaifin, aka ɗaure bibbiyu da jan zare.

Ranar zaɓe tun hantsi wakilai suka fara sauka. Na Marnona a kan babura, na Giyawa da Boyekai a motar haya da ta yi faci sau biyu a hanya. Yawancinsu ba su karya ba, domin labarin walima ya riga ya zaga, kuma mai hankali ba ya cika ciki da fura alhali abincin ministoci yana jiransa. An kafa rumfa, an ɗauko lasifika. Jan littafin yana kan teburi bisa matashi, kamar jaririn da za a raɗa wa suna.

Jakada ya yi jawabi har rana ta take. Ya yi bayanin jiragen ƙasa masu gudu kamar harsashi, da gidajen da ke taɓa gajimare, duk abubuwan da ake hangowa ta tagar otal. Ya ce mutumin Sin ba ya cin abinci don ƙoshi, don hikima yake ci. Wannan jimla ta sa wasu wakilai suka kalli juna.

Aka kawo kwanuka. Aka buɗe.

Mutanen nan a cikin shinkafa aka haife su. Sun san ta a fadama, sun san ta a masussuka, sun san ta a tuwo da dafa-duka da masa. Ba su taɓa ganin an wulaƙanta ta haka ba. Wani wakilin Goronyo ya tsoma tsinkensa ya zaro, ya bi ɗigon da ido har ya koma kwano.

"Bismillah," in ji Jakada. "Ku dube ni."

Ya kama tsinkaye kamar mai shirin yi wa yaro kaciya. Ya kai farmaki. Bayan gwagwarmaya ya samu ƙwayar shinkafa guda, ya ɗago ta a hankali, jama'a na biye da ita, har ta kusa isa. Ta sauka a kan aikin babbar rigarsa. Ya ce haka ake yi, ta farko ta ƙasa ce, al'adarsu ke nan.

Mutum ɗaya kaɗai bai jira darasi ba. Baba Yari na Giyawa, dattijon da haƙoransa suka riga shi yin ritaya, ya ajiye tsinke, ya ɗaga kwano da hannu biyu ya kafa kai. Da ya sauke sai ya jawo na maƙwabcinsa.

A nan ne wani matashin manomi daga bakin dam ɗin Goronyo, Uwaisu, ya yi tambaya cikin ladabi. "Ranka shi daɗe, mi as sunan abincin ga?"

Da Jakada ya ƙirƙiro wani suna ya yi shiru, da an tashi lafiya. Amma ya lura da wayar da ke hannun Uwaisu, ya kuma ji labarin cewa irinta tana fassara rubutun jikin kwalin maganin feshi. Ga dama ta samu a tabbatar da iliminsa a gaban ƙananan hukumomi uku.

"Taho nan, ɗana. Ɗora wayarka bisa bangon ga. Na riga na hwaɗi ma mutane, Girkin Fadar Sarakuna. Karanta musu, su ji daga bakin na'ura."

Uwaisu ya ɗora. Ya duba. Ya goge gilashin wayar da hannun riga, ya sake ɗorawa.

"Alhaji, sabis na ɗan wahala."

"Karanta dai. A ba shi lasifika."

Aka ba shi. Muryarsa ta fita har bakin kasuwa: "Kunu Kala Ɗari, Domin Tsofaffi, da Marasa Haƙora, da Masu Jinyar Ciki."

Wani ya ƙware. Wani ya sunkuyar da kai cikin rawani, kafaɗunsa na rawa. Daga cikin gida aka ji ƙarar faɗuwar murfin tukunya, da wata dariya da aka yi ƙoƙarin mayarwa tari.

Jakada bai girgiza ba, a nan dole a yaba masa. Ya buɗe mafici. "Wayar ga Sinancin talakawa ta sani. Can ƙasar, in an ce tsoho, sarki aka nuhi."

Babu wanda ya yi musu. Sai dai wakilai suka fara tuna cewa ba su yi alwala ba. Ɗaya bayan ɗaya suka zame, kuma abin mamaki duk hanyar alwalar ta bi ta gindin wata bishiyar bedi kusa da makarantar da za a yi zaɓen. A can Malam Attahiru na Rabah ya buɗe bayan mota. Bai yi jawabi ba. Kuloli ne na tuwon shinkafa, da miyar kifi mai man shanu, da tulin cokula ga mai so.

Bayan la'asar aka yi zaɓe. Kowa aka ba shi 'yar takarda ya rubuta sunan wanda yake so, wanda bai iya ba malamin zaɓe ya rubuta masa. Jakada ya daɗe a kan tasa takardar, yana lanƙwasa alƙalami, yana ja da baya yana dubawa.

Da aka ƙirga, Malam Attahiru ya kwashe. Alhaji Maccido Lawwali ya samu ƙuri'a ɗaya.

Ya miƙe tsaye, ya gyara riga. "Ko ba komi, na zaɓi kaina, kuma tarihi shina tare da ni."

"A'a, Alhaji," in ji Baba Yari daga bayan aji, yana ɗaga sanda. "Wagga tawa ta. Ni niz zaɓe ka. Rabon da in ci abinci in ƙoshi haka tun haƙorana na gaba na nan."

Jakada ya juya wurin malamin zaɓe. "To ina tawa?"

Malamin ya laluba cikin kwali, ya zaro wata takarda da aka ware gefe. An cika ta da zane-zane, ga wani kamar tsani, ga wani kamar kaza ta taka tawada.

"Wagga ta lalace, ranka shi daɗe. Mun zaga da ita ga kowa, ba a samu wanda ya gane sunan wa aka nuhi ba."

"Sunana na! Da Sinanci!"

Malamin ya miƙa masa ita da hannu biyu, cikin girmamawa. "To karanta muna, sai mu ƙirga."

Jakada ya karɓa. Ya sa tabarau. Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, yana neman ta inda ya fara.