Ranar da Aka Miƙo Mini Littafin Ummi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka tafa mini a makarantar su Ummi ba, tafin da har yau in na tuna sai na rufe fuska.

Ni dai a aji uku na tsaya. Da babanta ya sa Ummi wata makaranta a Sabon Gari, tsorona ɗaya ne: kada yarinyar nan ta gane uwarta ba ta iya karatu ba. Sai na samo dabara. Da ta tafi Islamiyya sai in cusa littafinta a hijabi, in taka daga Fagge zuwa shagon Mama Ngozi, wadda nake yi wa kitso. Ta rubuta amsa a takarda, in dawo in miƙa wa Ummi ina yatsina, "Ga shi, kwafe. Wannan ma har aiki ne?" (Allah Ya yafe mini wannan yatsinar.)

Rannan aka ba su kalmar "line", wai su kawo ma'anoninta. Yara suka kai ɗaya ɗaya, Mama Ngozi ta zuba mana har biyar.

A taron iyaye sai Anti, malamarsu, ta ɗaga littafin Ummi. "Maman Ummi, taso. Iyaye, ga uwar da ke zama da 'yarta!" Aka tafa. Ta miƙo mini. "Karanta musu su ji."

Na karɓa. Baƙaƙen suka yi ta yawo kamar tururuwa. Na gyara murya sau uku (kamar a maƙogwaro matsalar take). Wata Hajiya a gaba ta ce, "Baiwar Allah, muna sauraro." Ni ba idon iyaye nake ji ba, idon Ummi nake gudu.

Sai na ji ƙaramin hannu a cikin nawa.

"Anti, Umma ba ta son karatu a gaban mutane. Ni zan karanta, ita ta fassara."

Ta karanta ta farko, ta raɗa mini, "Layin waya." Na faɗa. "Layin asibiti." Na faɗa, har da ƙarin bayani, don wannan na san shi tun asuba ranar awo. Layin 'yan atamfa a Kwari, layin dogo, layin da ake ja da rula. Ashe layi ne, layin da na ƙare rayuwata a ciki.

A Adaidaita na kasa kallonta. Can na ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun aji ɗaya. Umma, ke fa sunanki ma da dangwale kike sawa a katina."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"Ai kina jin daɗi in kin ba ni."

Yanzu bayan la'asar ni ke zama a tabarma da fensir, ita ke riƙe da rula. Na koyi cewa kana iya ɓoye wa duk unguwa abu, amma ban da wanda ka goya. Kuma malamar tawa ta fi ni iya yatsina.