Rasuwar Ɗan Goyo, Injin Feshin Gidanmu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Awaisu Mudi na fadamar Danja, a madadin iyalina da abokan noman rani, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar injin feshina, wanda aka fi sani da Ɗan Goyo. Ya cika ranar Talata da hantsi, a bayana, a tsakiyar gonar alkama, bayan jinyar sati uku. Shekararsa goma sha ɗaya a hannuna.

A kasuwar Funtua na samo marigayin, shuɗi, mai cin lita goma sha shida. Mai ɗakina Mero ce ta raɗa masa suna, ranar da ta ga na saɓa shi a baya ina gyara maɗauri, ta ce ashe ni ma na iya goyo. Mai haƙuri ne, ba ya yoyo, ba ya toshewa sai in ni na yi ganganci na ɗura masa ruwan da ban tace ba. Duk wanda ya taɓa yin sammako a fadamarmu ya san muryarsa: ƙyat, ƙyat, in ana danna hannu, sannan fiiis, a hankali, kan ganye. Ya je aro Gozaki, ya je Mahuta, bai taɓa dawo mini da abin kunya ba.

Babban aikinsa shi ne yaƙi da tsatsar alkama, cutar nan da ke fesowa a ganye kamar garin jan bulo, ta shanye tsiro tun kafin ya cika ƙwaya. Shekara bakwai muna korar ta da magani ɗaya, mai koren murfi. Feshi biyu, an gama. Da alkamar da ya tsare Mero take yin alkaki da taliyar sayarwa, da ita muke finkason sallah. Ban taɓa tunanin canza maganin ba. A shekarun da cutar ta zo da sauƙi ma, rabin awo nake zubawa don kwalba ta kai ni baɗi. Na rubuta wannan ne don gaskiya ta fito, tunda shi ba ya nan balle ya faɗa.

Bana tsatsa ta shigo alkama tana shirin fitar da kai. Muka yi feshi, bayan kwana biyar na shafa ganye, tafin hannuna ya yi ja. Muka sake, ta haura har ganyen sama. A nan na fara zaluntar marigayin. Na canza masa baki, na kwance shi na ɗaura, na buga shi da ƙasa a gaban maƙwabta ina cewa ya tsufa. Maƙwabcina Isah ya ara mini sabon injinsa mai batir, ya ce, "Yaya Awaisu, gwada wannan, amma fa ni ma tawa gonar haka take." Na gwada. Ko gezau.

Maimakon in tsaya in yi tambaya, sai na koma kan Ɗan Goyo. Na ninka awo biyu, na ninka uku. Na haɗa da wani farin gari da wani mai talla ya rantse mini a kai ranar kasuwa. Feshi shida cikin sati uku, ko wanke shi ba na tsayawa yi. Muryarsa ta canza, ƙyat ɗin ya koma gurnani, fiiis ɗin ya riƙa yankewa kamar mai tari. Mero ta ce, "Malam, ka huta, ka bar abin nan ya huta. Warin da kake shigowa da shi gidan nan ba na lafiya ba ne." Na ce mata alkama ba ta jira.

Ranar Talatar, ina feshi a kan kunya ta tara a gonar, na ji ƙas, sai sanyi ya bi gadon bayana. Cikinsa ne ya tsage daga wuya har gindi. Na sauke shi a kan kunya, na danna hannun sau ɗaya, bai amsa ba. Isah ne ya tuɓe mini riga ya yi ta kwara mini ruwa, duk da haka bayana ya saɓule, sai da aka kai ni asibiti.

Bayan kwana uku Malama Zakiyya, malamar gona, ta zo. Ta juya ganye, ta karanta jikin kwalbar, ta tambaye ni shekara nawa ina amfani da ita. Da na faɗa mata sai ta ce, "Baba, injinka ba shi da laifi. Duk feshin da ka yi, masu rauni a cikin cutar ne ke mutuwa, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. Shekara bakwai kana tace su da magani ɗaya. Waɗanda ke gonarka yanzu jikokin masu taurin kan ne, ba sa jin wannan kwalbar, ko ka juye ta duka." Na juya ina kallon marigayin a inda na jingine shi.

Ya rasu ya bar ni da Mero, da 'yarmu Bushra da ke makaranta a Malumfashi, wadda har yanzu ba mu faɗa mata yadda gonar ta ƙare ba. Ya bar ƙaninsa injin ban ruwa, da fatanya biyu, da alkama buhu huɗu a inda muka saba ɗaukar goma sha huɗu, ƙwayar a tsamure, Mero ta murza ta ce ba za ta yi taliya ba. Ya kuma bar tsatsa, cikin ƙoshin lafiya.

Jinyar bayana da girbi ne suka sa aka jinkirta, amma za a yi masa sutura ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar. Mero ta so ta yanke shi ta riƙa ba kaji ruwa a ciki, Malama Zakiyya ta hana. Za a ɗauraye shi sau uku, a huda shi don kada wani ya tsinta ya ɗebi ruwan sha, a binne shi a tudun bayan gona, nesa da rafi da rijiya. Bakinsa na tagulla kawai zan cire in ajiye.

Za a karɓi gaisuwa a gindin mangwaron Isah. Malamar ta yi alkawarin zuwa ta yi mana bayanin irin alkamar da ke jure cutar, da yadda ake sauya magani daga feshi zuwa feshi. Duk mai irin kwalbata a ɗakinsa ya taho da ita ta duba masa. Kada kowa ya wahalar da kansa da goro ko abin sadaka. Mai zuwa dai ya zo da fatanya, don ƙasar tudun tana da tauri, ni kuma har yau ban iya sunkuyawa ba.

Awaisu Mudi, Danja.