Robobin Ƙafar Mota a Firizar Surukata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sunayen kogunan duniya da na yi shekaru ina cusa wa 'ya'yan mutane, da yammacin da na tsaya a tsakar gidan surukata a Garwa, na juya wa jama'a ƙeya, ina yi wa bango bayanin yadda ƙafar mota take aiki.

A shekarun nan ne da gwamnati ta zaftare mana albashi, malaman makaranta suka koma sana'o'in da ba a koya musu a kwaleji ba. Wasu abokan aikina suka hau babur suna ɗaukar fasinja da rawani har hanci don kada ɗalibai su gane su. Wasu suka kama noman masara a bakin Binuwai. Ni kuwa ina da mota, kuma na ƙudura ba zan rabu da ita ba. Tsohuwar motar Faransa ce, fara a takarda, ruwan ƙasa a ido. Wani ma'aikacin auduga ne ya sayar mini bayan ta gama zagaye duk gonakin da ke tsakanin nan da Bibemi, don haka ta zo hannuna da ilimin ƙasa fiye da nawa.

Sai ta fara magana. Duk ramin da muka faɗa, ƙafar gaba ta ce ƙwas. In na taka burki ta ja dama, in na saki ta ja hagu, tayoyin kuma suna cinyewa ta ciki. Bakanike ya leƙa ƙarƙashi ya ce silanbulok ne suka mutu, wato robobin nan masu bututun ƙarfe a tsakiya, da ake dannawa cikin ƙarfen da ke riƙe ƙafar mota da jikinta ('yan'uwanmu na Najeriya bushin suke ce musu). Ya faɗi ladan aikinsa. Na yi masa godiya ƙwarai, na tuƙo gida a hankali.

Ina da wani littafin gyaran mota na Faransanci da na tsinta wurin masu baza tsofaffin litattafai, kuma ni mutum ne da ya yarda cewa duk abin da aka buga a takarda, mai karatu zai iya shi. Wani ɗan kasuwa cikin dangin matata ya samo mini sababbin robobi guda biyu daga Yola, bayan jiran da har na fara zaton ya manta da ni, ya kuma gargaɗe ni cewa su kaɗai suka rage a shagon. Na ɗage motar da jak, na tokare ta da duwatsu, na kwance ƙarfen. Tsofaffin robobin na ƙone su da wuta kamar yadda littafi ya ce (maƙwabta suka fito da bokitai), na yanke zoben ƙarfen da ya rage da zarto. Har nan lafiya lau. Amma sababbin suka ƙi shiga. Na shafa sabulu, na buga da guduma, na yi musu magana da harsuna uku. Suka tsaya a bakin rami kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba.

A ƙasan shafin, cikin ƙananan haruffa, marubucin ya ce a sa su su kwana a firiza, sanyi zai tsuke ƙarfen su shige. Bai ce a firizar wa ba. A gidana randa ce kawai.

Firiza ɗaya na sani a duk danginmu, ta Hajiya, mahaifiyar matata Asabe. Da ita take ƙanƙara da folere, wato zoɓo, ana ƙulla shi a leda ana kai wa kasuwa. A zafin Garwa na bazara wannan ba ƙaramar sana'a ba ce, da ita ta aurar da 'ya'ya. Tana cikin wani ɗan ɗaki kusa da nata, a kulle. Mabuɗi ɗaya yana wurin Hajiya, ɗaya wurin Marta, wata Kirista 'yar kan duwatsun arewa, wadda ta daɗe tana ƙulla mata kaya tana sayarwa, kuma da wannan aikin take riƙe da 'ya'yanta tun da mijinta ya rasu.

Sai na tuna wa mai karatu matsayina a gidan. Tun da na auri Asabe ban taɓa wuce zaure ba sai an kira ni. Ban taɓa shan ruwa a gaban Hajiya ba, ban taɓa haɗa ido da ita ba. Gaisuwa daga nesa, a tsugune, ina kallon ƙasa, ita tana amsa wa labule. Mu Hausawan Garwa mun ɗauki kunyar da muka gada, muka ɗora ta Fulani a kai. In ina da magana da ita sai in gaya wa Asabe, in tana da magana da ni ta gaya wa Asabe, ko da kuwa muna jin numfashin juna.

Na gaya wa Asabe. Ta ce Inna ko naman layya ba ta yarda a sa mata a ciki ba, don kada masu saye su ce ƙanƙara tana ƙarni, balle kayan ƙarƙashin mota. Ta ce kada in sake tayar da zancen. Ban sake ba. Amma a makon Hajiya ta tafi ta'aziyya ƙauye, ta bar mabuɗinta wurin Asabe, ni kuma na san kwanon da Asabe take ajiye irin waɗannan abubuwa.

Na shirya aikin da tsabta, wannan kam a shaida mini. Littafin ya ce kowace roba tana da fuskar da za ta kalla, don haka na zana wa kowacce kibiya da farin fenti. Na naɗe su a baƙin tsumma don kada su taɓa kayan sha, na ɗaure tam da jan zaren da nake ɗaure takardun jarrabawa. Da tsakar rana, Marta tana kasuwa, gidan ya yi tsit, na shiga ɗakin da ban taɓa takawa ba, na tura ƙunshin can ƙasa ƙarƙashin ledojin folere. Niyyata in ɗauke da sassafe. Hajiya ta dawo da magariba a ranar, ta aiko a karɓar mata mabuɗi.

Washegari na koyar da darasi a kan kogin da ban tuna ko wanne ba ne. Bayan azahar aka ce ana nemana a gidan surukai, in zo har ciki.

Na tarar da tsakar gidan cike da matan unguwa. Kawu Sale, ƙanin Hajiya, mai shagon atamfa wanda kuma ake kai wa matsalolin da asibiti ba ya dubawa, yana zaune a tabarma. A gabansa faifai, a kan faifan ƙunshina da aka tono daga firiza, an kwance shi da tsinke biyu don kada hannu ya taɓa. Hajiya tana bakin ƙofarta, rabin jikinta a bayan labule. Marta tana tsaye ita kaɗai kusa da rijiya.

Kawu yana cikin tafsiri. Ya ce baƙin tsumma don a rufe idon masu saye ne. Jan zare don a ɗaure kasuwa. Ramin da ke tsakiyar kowanne, ta nan riba za ta riƙa zurarewa. Kibiyoyin kuwa, ya juya su da tsinke ya nuna wa jama'a, duk inda aka ajiye su waje suke nunawa. (Na lura cewa kibiya ko ina aka ajiye ta wani wuri take nunawa, amma ban ga lokacin gyara ba ne.) Ya ce shekarunsa na wannan harka bai taɓa ganin wanda aka yi da ƙarfe da roba ba, aikin zamani ne, mai shi ya kashe dukiya.

Sannan ya juyo gare ni. A nan Metir ake kiran malamin makaranta.

"Metir, kai ne mai karatun Nasara a gidan nan. Ka taɓa cin karo da irin wannan a litattafanku?"

Ga ƙofa an buɗe mini. Kalma huɗu ko biyar sun isa. Na sunkuya, na gyara tabarau, na duba robobina kamar yau muka fara haɗuwa, na ce lallai abin yana buƙatar nazari.

Matan suka gyaɗa kai, ga shi har Metir ya rasa ta cewa. Asabe kaɗai ba ta gyaɗa ba. Tsumman take kallo, tsohon wandona ne da ita da kanta ta yayyanka. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta mayar da kai ƙasa, ta bar ni da Allah.

Kawu ya yanke cewa bayan la'asar za a ƙone su a zuba tokar a Binuwai. Na tuna Yola, na tuna motata a kan duwatsu. Sai ya ce saura tambaya ɗaya: ɗakin nan a kulle yake kwana, Hajiya ba ta gari, kuma kowa ya san mai sayar da folere ta bakin tasha ta daɗe tana jin zafin cinikin gidan nan. Bai ambaci sunan kowa ba. Bai kuma kalli kowa ba sai rijiya.

Marta ba ta yi kuka ba, ba ta yi rantsuwa ba. Ta kwance mabuɗin daga bakin zanenta, ta zo ta ajiye shi a gefen tabarma, ta fuskanci labule, ta kira Hajiya yadda Fulani suke kiran uwa.

"Dada, hannuna ne ya ƙulla duk abin da ke cikin injin nan. In ni ce, to na ɗaure abincin 'ya'yana. Ga mabuɗinki."

Ta juya za ta ɗauki kwandonta. A nan ne na ji kaina a tsaye. Da yake ba zan iya fuskantar Hajiya ba, ba zan iya fuskantar Marta ba, sai na fuskanci bangon madafa, na ce masa abin nawa ne.

Da na tsaya nan, da da sauƙi. Amma malamin makaranta in ya ga bango ya kuma ji shiru a bayansa, ba ya iya riƙe kansa. Na bayyana ƙarfen da ke riƙe ƙafa. Na bayyana aikin roba wajen shanye girgiza. Na shiga batun yadda sanyi yake tsuke ƙarfe, zafi ya buɗa shi. Ina jin har na ɗaga hannu ina zana kusurwa uku a iska. Ba wanda ya katse ni. Da na ƙare, kaza ce kawai ta yi motsi.

Kawu ya ajiye tsinkayensa ya ɗauki roba ɗaya da hannu ya sansana, ya ce shi ma tun farko ya ji kamar warin gareji, amma bai so ya yi gaggawa ba.

Hajiya ta fito daga bayan labule gaba ɗaya, abin da ban taɓa gani ba. Ta ɗauki mabuɗin, ta je har bakin rijiya, ta ɗaura shi a zanen Marta da hannunta, ta yi mata magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci, ta daɗe tana yi. Sannan ta koma mazauninta ta kira 'yarta.

"Asabe, tambayi mutumin gidanki. Da ya shiga ɗakin, da takalmi ya shiga?"

Asabe, wadda ke zaune taku uku daga inda nake, ta tambaye ni. Na gaya wa bango cewa na cire. Asabe ta isar.

"To madalla, yana da tarbiyya. Ki tambaye shi, abin nasa ya gama daskarewa?"

Robobin sun yi yini a kan faifai a ranar Garwa, sun fi shayi zafi. Na so in ce na fasa, in kwashe kayana in ɓace. Amma motar tana kan duwatsu. Na gaya wa bango cewa in ba damuwa, suna buƙatar ƙarin kwana ɗaya.

Hajiya ta ce ita ba ta da ta cewa, ɗakin a hannun Marta yake, a tambaye ta. Haka na juyo, gaban matan unguwa, na ba Marta haƙuri, sannan na roƙe ta alfarmar firiza. Ta bar ni a tsaye har ta gama gyara ɗaurin kallabinta. Ta ce za ta sa su a kwano mai murfi, in zo da safe in bi layi kamar kowa.

Na bi. Ina tsakanin mai shayi da wata mai abinci, kowa da bokitinsa na ƙanƙara, Marta ta leƙo ta ce da muryar kasuwa, "Metir, layunka biyu ne ko akwai wasu?" Na karɓa na ruga gida kafin su huce. Suka shige da bugu kaɗan, na sauke motar ƙasa kafin in ɗaure kusoshin, yadda aka rubuta. Dabarar ta yi aiki sarai, kuma har yau ban samu wanda zan yi wa alfahari da ita ba.

Motar ta daina ƙwas. Illar hakan ita ce yanzu ina jin abin da mutane suke faɗa in na wuce.

Abin da na koya kaɗan ne. In an tambaye ka ko ka san wani abu, kuma naka ne, ka ce naka ne a tambayar farko, tun kunyar taka ce kai kaɗai, kafin ta hau kan wanda bai ci ba bai sha ba. Duk bazara tun daga shekarar, Hajiya takan aiko Marta gidanmu da ƙanƙara da saƙo ga Asabe, wai a tambayi maigidan ko akwai wani sashe na motar da yake son a sanyaya masa. Nakan ce a gaya mata mota lafiya lau, an gode.