Bazarar da 'Yata Ta Ci Ƙasar Turai

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da 'yata ta ci ƙasar Turai ba. Na yi ƙoƙari, Allah ya sani, amma matan Haɗeja ba su bar ni ba. Tunda na koyi ɗan rubutun nan a ajin yaƙi da jahilci, na ga gara in ba da labarin da kaina, don gishirin da ake ƙara masa a gidajen biki ya yi yawa, kuma na gaji da gyara wa mutane.

Maigidana mai lambu ne. Da can albasa da tumatir yake yi a fadama, yana jan ruwa da jigo, har wani Bature na bariki ya ɗauke shi aikin kula da shuke-shuken gidansa. Aka ba mu ɗaki a bayan gidan, kusa da na kuku. Aikin dai ban ruwa ne ga abubuwan da ba a ci. (Na taɓa tambayarsa ko ana miya da ganyen wani daga ciki, ya ce ado ne kawai. Ban sake tambaya ba, amma har yau ban gane ba.) A lokacin 'yata tana rarrafe. Ita ce ta fari, kuma sunan surukata, wadda muke kira Iya, aka sa mata, saboda haka kunya biyu ke kaina: ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban mutane. "Yarinyar nan" nake cewa, sai ka ce ta maƙwabta ce. A cikin ɗaki kuwa, in ta yi atishawa sai tuwo ya ƙi wuce min.

To, matar Baturen ta dawo daga hutu a garinsu da waɗansu 'yan sanduna masu ƙaya, an naɗe gindinsu da tsumman buhu. Direba ya ce tun daga tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori a cinyarta ta riƙo su, ta hana a sa su cikin kaya. Wai furen gidan uwarta ne. Ba a jima ba Baturen gona ya zo rangadi daga Kano, ya gan su a baranda, sai muka ji muryoyi sun tashi. Kuku ne ya fassara mana daga baya. Ashe akwai doka: ba a shigo da shuka daga hayin teku sai an nuna ta a Ikko an duba an ba da izini, ƙasar can kuwa ba a yarda a shigo da ita ko cikin cokali. Ita kuma ba ta nuna wa kowa ba. Baturen gona ya so a ƙone su nan take, ta yi kuka, mijinta ya sa baki, aka sasanta. Za a kakkaɓe ƙasar da ke jikin saiwoyin a toya ta a wuta, a wanke saiwoyin da magani, a dasa su cikin garewani, a killace su can nesa da komai har ya dawo ya duba.

Maigidana ne ya kafa zana a ƙarshen fili, ya jera garewanin a ciki, ya rataya musu gidan sauro. (Mu da sauron Haɗeja ke cinmu ɗanye ba mu da shi, sanduna sun samu.) Da ya shigo cin abinci ya ce da ni, "Kada ki kusanci zanar can, daga ke har yarinyar nan. Sun ce wataƙila akwai cuta a jikin abin. In ta fita, ƙasar nan duka ta shiga uku." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya ja kwanonsa.

A nan sai in yi wa kaina ɗan uzuri. Ni 'yar wani ƙauye ce a wajen Auyo, kuma ina ƙarama agana ta shigo mana. Na ga bukkokin zana da aka kafa a bayan gari. Na ga duba-gari yana ƙona tabarmin mutane. Ƙanena yana cikin waɗanda aka kai, uwarmu takan ajiye masa kunu daga nesa ta juyo, kuma bai dawo ba. Saboda haka da na ji cuta, na ga zana, na ji za a yi wuta, ban tambayi kowa komai ba. A ganina babu abin tambaya.

Ran da abin ya faru ina wanki ne. Na zaunar da ita a tabarma gindin darbejiya, na juya ina shanya. Sai na ji shiru. Duk uwa ta san irin shirun nan. Na waiga, babu ita, sai tafin ƙafafunta biyu na hango suna leƙowa ta ƙarƙashin zana. Ƙasar nan da aka kakkaɓe tana cikin wani kasko, ana jiran itacen da za a toya ta da shi. Na jawo yarinyar ta ƙafa. Bakinta baƙi ƙirin, hannu biyu cike, tana yi min dariya. Ƙasa ce baƙa mai laima, tana warin ɗakin da ya daɗe a rufe, ba irin tamu ba. Na zura yatsa ina ƙwaƙulowa, ta gantsara min cizo da haƙoran nan nata biyu, ta haɗiye sauran. Na miƙa hannu na shafe saman kaskon don kada a ga sawun yatsunta.

Ban gaya wa maigida ba. Mutum ne da ba ya iya riƙe magana a gaban Bature. Ya taɓa kai ƙarar kansa don ya fasa tulu wanda babu wanda ya san da shi. Na san zai je ya faɗa, Bature ya kira duba-gari, a zo a ɗauke min ita a kai bayan gari. Na yanke shawara ni kaɗai cewa ba za a ɗauke ta ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Na ba ta jiƙo, na yi mata hayaƙi, na aika a karɓo rubutu wajen malam ba tare da na faɗi dalili ba. Ina duba idonta, ina duba harshenta, ina duba abin da ba a rubutawa. Ita tana ta ƙiba abinta, ni ina ramewa. Matar kuku har ta fara kallona tana murmushi, ta zaci wani cikin ne. Sannan zafi ya tsananta, irin wanda kogi ke ja da baya ya bar laka tana tsagewa. Ranar wunin bikin ƙanwar maigidana, ina yi wa yarinyar wanka, na ga ƙuraje ƙanana jajaye sun feso mata a wuya da baya. Na zauna daɓas a bakin kwatami. Na ce shi ke nan, cutar ta zo.

Ba halin in ƙi zuwa bikin, dangin miji ne. Na naɗe ta da zane biyu, na goya, na lulluɓa mayafi a kai, a cikin ranar nan da ko kadangare ba ya fitowa, muka shiga gari. Gida ya cika, ana kiɗan ƙwarya, ana sauke tukwanen shinkafa. Kowa na son ya ɗauki takwarar Iya. Na riƙa cewa barci take, alhali tana tsala kuka a bayana har ana ji a zaure. Na raɓe a lungu kusa da rumbu ina jijjiga ta, gumi na bin ƙafafuna.

Iya tana zaune kusa da tukwane tana rabon abinci. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Kawo min takwarata." Wannan ba a ƙi. Na kwanto ta na miƙa. Iya ta fara warware zannuwan ɗaya bayan ɗaya tana tsaki, ta ga ƙurajen, ta buɗe baki za ta yi magana. Ban bar ta ba. Kukan da na daɗe ina haɗiyewa ya ɓalle, na ce, "Iya, kada ki taɓa ta. Ta ci ƙasar Turai, ta kamu da cutarsu, wadda Bature ya ce za ta gama da ƙasar nan."

Kiɗa ya tsaya. Na ga mata suna laluben 'ya'yansu ba tare da sun kalle su ba. Wata ta fice ta zaure da ludayin miya a hannu. Amarya, wadda tun safe ake lallashinta ta yi kukan al'ada ta ƙi, ta fara na gaske. Can daga baya wata murya ta ce a aika a kira duba-gari.

Jin sunan nan na fizge 'yata daga cinyar Iya (daga cinyar surukata, jama'a) na kama hanyar bariki. A hanya na gama tsara komai. In za a killace ta, to ni zan riga su shiga, ba zan ajiye kunu daga nesa in juyo ba. Na biya ɗakinmu na ɗauki tabarma da buta da 'yar tukunya, na ɗaga zanar, na shige ƙarƙashin gidan sauron, na zauna tsakanin garewani da yarinyar a ƙirjina. Rabin gidan biki ya biyo ni. Suka tsaya can nesa, kowace ta toshe hanci da mayafi, amma babu wadda ta koma.

Maigidana ya taho daga kogi da ruwa a kafaɗa ya tarar da wannan taro. Ya leƙo, ya ce in fito, muryarsa ƙasa-ƙasa. Na ce ba zan fito ba. Bature ya fito, matarsa ta fito da gudu. Aka aika aka kira malamin gona, wani Bakano mai keke wanda Baturen gona ya bari yana zagayowa yana duba sandunan. Iya ma ta iso tana haki. A gaban duk waɗannan na yi jawabina. Na ce su ƙona ɗakinmu in sun so, su rufe zanar da mu a ciki, amma mai raba ni da ita sai Allah. Kuma na kira sunanta. Cikakken sunan, sunan Iya, da ƙarfi, ina rungume da 'yar fari ina sumbatar kanta a gaban surukata da dangin mijina. (Ba zan rubuta shi a nan ba. Na ranar ya isa.)

Malamin gona ya jingine kekensa, ya tsugunna a bakin zanar, ya saurare ni har na gama. Sannan ya tambaya a hankali, "Baiwar Allah, wa ya ce miki cutar mutane ce?"

Da na laluba, babu wanda ya ce.

Ya yi bayani, ba ni kaɗai ba, har da masu toshe hanci. Ya ce waɗansu ƙwari ne ƙanana da wata irin ruɓa da kan ɓuya cikin ƙasa ko saiwa, in suka samu wuri sai su faɗa wa gyaɗa da auduga da shinkafar fadama. Su ake tsoro, don su aka yi dokar, don su aka yi zanar. Ba ruwansu da ɗan Adam. Ya dubi yarinyar, ko murmushi bai yi ba, ya ce, "Sai dai in gyaɗa kika haifa."

Iya ta matso ta miƙo hannu ta karɓe ta. Ta juya ta, ta hura mata wuya. Ta ce, "Ƙurajen zafi ne. Abin da zan gaya miki ke nan kika tari numfashina. Kin rufe yarinya kamar daddawa, me kike so ya fito mata?"

Dariyar ba ta zo gaba ɗaya ba. Matar kuku ce ta fara, sannan ta bi layi. Na yunƙura in fito da sauran mutuncina, sai ƙayar sandunan ta kama zanena ta baya. Na ja, ta riƙe. Sai da maigidana ya durƙusa yana cire min ƙaya ɗaya-ɗaya, ni a sunkuye, matar Bature a gefe tana duba ko na karya mata reshe. Bayan wannan malamin gona ya ce tunda na zauna a ciki, ba zan taka ko'ina ba sai an wanke min hannu da ƙafa da magani. Aka kawo wani ruwa mai wari a daro, na tsaya a ciki a gaban jama'a kamar akuyar da za a kai kasuwa. Yarinyar da na yi domin ta tana can hannun kakarta tana cin ƙosai.

An koma an ƙarasa bikin, amma shinkafa ta yi kwantai, kuma ƙanwar maigidana har yau gaisuwarta gajera ce. Iya ba ta yi min faɗa ba. Da ta yi da ya fi min sauƙi. Sai dai in muna zaune, ba gaira ba dalili, ta ce, "Ashe dai kin san sunana." Yarinyar kuwa duk unguwa 'Yar Gyaɗa suke ce mata, tana amsawa.

Da muka koma ɗaki ranar, maigidana ya dube ni. Ya ce me ya hana ni tambayarsa. Na ce shi me ya hana shi gaya min cutar ta shuka ce. Ya sosa ƙeya, ya kalli ƙofa, ya rage murya. Ashe shi ma bai sani ba. Tun da aka kafa zanar, in zai shiga ban ruwa sai ya riƙe numfashi har ya fito, ya wuce bayan ɗaki ya dirje jikinsa da toka. Kunyar tambayar Bature yake ji. Ya ce kada in gaya wa kowa, kuma ban gaya ba sai yanzu.

Abin da na koya bai da yawa. In an ce miki akwai cuta, ki daure ki ce ta wa, kafin ki ɗauki tabarma. In kuma ba za ki iya tambaya ba, to ki yi irin ta maigidana: ki ji tsoronki a bayan ɗaki ke kaɗai, kada ki goya shi ki kai gidan biki.